Kesin ɗin PSP-3000 ya tsage: in canza gaba ɗaya ko in lallaɓa na asalin?

Sadik_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Akwai wata PSP-3000, na'urar wasan gem ta hannu ta kamfanin Sony, baƙa ta yayana, Allah ya jiƙansa, shekara huɗu ke nan tana kwance a durowa ban taɓa ta ba. Shekaranjiya na ɗauko ta da niyyar in ba ɗansa da ya gama firamare, sai na tarar batirin ya kumbura ya ɓalle murfinsa, har ya tsaga kesin ɗin baya tun daga gidan batir zuwa kusurwa. Fuskar ma duk ta kakkarce, da wani dogon layi da ya ratsa tsakiyar gilashin. Na cire batirin na jona mata caja, ta kawo wuta lafiya lau, har gasar ƙwallon da ya fara bai ƙarasa ba tana nan a memori.

Na ga ana sayar da cikakken kesin sabo, gaba da baya da maɓallai. In saya in canza duka? Ko in nemi yadda zan ɗinke na jikinta? Abin da ke riƙe ni shi ne, a jikin ƙofar faifai ta baya ya taɓa sa allura ya rubuta harafin farko na sunansa. Ban taɓa buɗe PSP ba, amma na taɓa canza sikirin ɗin wayata da hannuna.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Kafin maganar kesin, abu biyu. Batirin nan kada ka huda shi, kada ka danne shi wai ya koma daidai, kada kuma ka jefa shi a bola, domin ka san bolarmu wuta ake sa mata. Ajiye shi cikin gwangwani da ɗan yashi, nesa da rana da yara, har ka samu masu karɓar matattun batura. Na biyu, zare memorin ka sa a kwamfuta, ka kwafe folda mai suna SAVEDATA da ke cikin folda PSP. Duk abin da ya ajiye yana nan ciki. Kesin dai ana samun wani, wannan kuwa in ya tafi ya tafi.

Auwal_Gamer:
Canza duka kawai ɗan'uwa, yaro sabon abu yake so ya gani. Amma ka fara neman sukundireba mai baki uku, in ba ita ba notikan ba za su fita ba.

Injiniya_Bala:
A'a Auwal, mai baki uku ta Nintendo ce, irin su Game Boy da DS da Joy-Con. PSP notinta mai baki huɗu ne, ƙarama ta gyaran waya mai lamba 00 ta wadatar. Sai dai ta kasance mai lafiyayyen baki, ka danna sosai kafin ka juya. Kan notikan nan ba shi da wuyar cinyewa.

Auwal_Gamer:
Haka ne Oga, na haɗa ta da Game Boy Advance SP ɗin da na taɓa buɗewa. Na gode da gyara.

MaiGyara_Kaduna:
Malam Sadik, ni aikina ke nan, kuma PSP ta ratsa hannuna ba adadi tun lokacin da ake yayinta. Bari in raba maka aikin gida biyu, don mutane na haɗa su su ce "canza kesin" alhali tsakaninsu akwai nisa.

Canza fuska aikin minti goma sha biyar ne. Noti bakwai: biyu a sama, ɗaya a ƙasa, huɗu a baya, kuma cikin na gidan batir akwai wanda sitikar garanti ta rufe. Kana kwance su fuskar za ta ɗago, ba wata waya da ke haɗe da ita. Wanda ya canza sikirin ɗin waya zai yi wannan ido rufe.

Canza baya kuwa, sai ka sauke komai da komai. Za ka ɗaga layin maɓallan ƙasa, ka ɗaga sikirin ka zare fileks ɗinsa, wato siririyar wayar nan mai faɗi kamar leda, ka cire fanel, wato babban allon da komai ke jone da shi, da injin UMD mai karanta faifan wasa, da lasifika, da siririyar wayar Wi-Fi, da ledar maɓallan da aka manne da gam. Kowane fileks yana da ɗan makulli siriri kamar farce, wanda ake ɗagawa kafin a ja. Robar nan ta haura shekara goma sha biyar, ta bushe. In ka ɗaga shi da ƙarfi ya ɓalle, to fileks ɗin ba zai ƙara kamawa da kyau ba, sai dai a tokare da takarda ko salatif. Na ga waɗanda suka shigo da PSP mai aiki suna son ta yi kyau, suka koma da wadda ba ta kawo hoto. Garin neman gira ke nan.

Saboda haka tambayar farko: tsagar bayan nan ta taɓa gurbin noti, ko fili kawai ta bi?

Sadik_Fagge:
Na duba da tocila yanzu. Ta bi ta gefen gurbin noti ɗaya na cikin gidan batir, gurbin ya ɗan buɗe. In na matsa kusurwar da yatsa tana motsi. Oga Bala, na kwafe memorin, Allah ya saka.

Hafiz_Zariya:
Ni dai ra'ayina kada ka sa mata kesin ɗin kasuwa ko kaɗan. Sony ta daina fitar da PSP tun 2014, saboda haka mafi yawan abin da za ka gani an rubuta "sabo" wasu masana'antu ne dabam suka kwaikwaya. Na saya wa tawa shuɗi mai kyau a hoto. Da ya iso, gilashin fuskar yana da wani ɗan lanƙwasa, in ka karkata shi sai hoton ya yi kamar kana kallo ta cikin ruwa. Maɓallin R ya riƙa maƙalewa, sai da na sa reza na kankare bakin raminsa. Ƙofar faifan ba ta rufuwa ruf. Gurbin noti biyu suka fashe a ɗaurin farko. Bayan wata uku fenti ya fara tashi a inda tafin hannu ke zama.

Abin da na yi daga baya, wanda da shi ya kamata in fara: na nemi matacciyar PSP wadda fanel ɗinta ya ƙone amma jikinta garau, na kwashe kesin ɗinta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ummu_Hanan:
Malam Hafiz, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni na canza wa ta ƙanena kesin fari na kasuwa shekara biyu da suka wuce, har yau ba abin da ya yi. Abin da na kiyaye shi ne ban yi amfani da maɓallan da suka zo da shi ba, ko robobin ƙarƙashinsu, ko notikansa. Na wanke na asalin da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, na shanya su suka bushe sarai, na mayar. Yawancin kukan da ake yi da sabon kesin, maɓallan ne da robobin.

Sannan fashewar gurbin noti da ka ce, akwai dalili. Sabon kesin gurabensa ba su da zare a ciki, notin ne ke yanka wa kansa hanya. In ka bari sai ka haɗa komai sannan ka murɗa da ƙarfi, dole ya tsage. Tun kesin yana wofi ake bin kowane gurbi da notinsa, a shiga rabin juyi a dawo kaɗan, a sake shiga, har ya yi hanya.

MaiGyara_Kaduna:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da na tsohon kesin: shi yana da zarensa, kada ka yanka sabo a kan tsoho. Ka ɗora notin ka juya shi baya a hankali kamar za ka kwance, za ka ji ya yi ɗan "ƙas" ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaure. Da zarar ya tsaya ka tsaya.

Hafiz_Zariya:
Na yarda da batun zaren, lokacin ban san shi ba. Amma gilashin fa Hajiya? Shi ba a cire shi a mayar da na asali, a jikin fuskar yake. In ka dace ka dace, in ba ka dace ba haka yaro zai ta kallon hoto a karkace.

Ummu_Hanan:
Wannan kam gaskiyarka. Nawa ya zo lafiya, amma sai da na ɗaga shi a hasken taga na kalli rubutun jarida ta cikinsa kafin in biya. Wanda zai yi oda daga waje ba shi da wannan damar.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Tambaya nake da ita a kan wannan zance. Tawa a ƙasanta an rubuta 3004, daga Faransa aka kawo mini ita. Kesin ɗin da na gani an rubuta 3000 ko 3001. Zai shiga? Kuma wani abokina yana da matacciyar 2000, ya ce in zo in ɗauka.

Injiniya_Bala:
Lambar ƙarshe yanki kawai take nunawa: 3000 ta Japan, 3001 ta Amurka, 3003 ta Ingila, 3004 ta sauran Turai. Jikinsu ɗaya ne, kesin ɗin kowace zai shiga kowace. Ta 2000 kuwa kada kamanninsu ya ruɗe ka. Gaskiya ne nauyinsu ɗaya, giram 189, batirinsu ma iri ɗaya ne mai 1200mAh. Amma 2000 ta 2007 ce, 3000 ta fito 2008 da makirfo, kuma fuskarta tana da ɗan ramin makirfon a ƙasan sikirin kusa da rubutun PSP. Siffar maɓallan ƙasa ma ta canza, saboda haka ramukansu ba iri ɗaya ba ne. Ka juya bayansu: zoben azurfa na ƙofar 2000 mai faɗi ne, na 3000 siriri. Ciki ma analog ɗinsu ya bambanta, na 2000 wata 'yar roba mai ɗaukar wuta ke haɗa shi da fanel, na 3000 fileks gare shi. Karɓi ta abokin naka don notika da murfin batir, amma kesin ka nemi na 3000.

Dan_Damagaram:
Madalla, na gode ƙwarai Malam.

Kabiru_Android:
Ni ban ga abin wahala a nan ba. PPSSPP, manhajar da ke kunna wasannin PSP a waya, tana nan tun 2012, kyauta, kowace waya mai ɗan ƙarfi tana ɗaukarta, hoton ma ya fi na PSP ɗin fitowa tunda nata sikirin 480 ne a 272. Ka zuba SAVEDATA ɗin da ka kwafa a ciki, gasar marigayin za ta ci gaba daga inda ya tsaya. Kuɗin kesin da na sabon batir ka ƙara a kan wani abin da yaron ke buƙata.

Maman_Ilham:
Malam Kabiru, ka sake karanta saƙon farko. Ba wasa yake nema wa yaron ba, kayan ubansa yake so ya damƙa masa. Kuma ni a matsayina na uwa, na fi son yaro ɗan shekara goma sha biyu ya riƙe abin da wasa kawai yake yi a kan wayar da duniya duk ke cikinta.

Kabiru_Android:
Na fahimta Anti, ban yi nufin raina abin ba. Amma ko don ajiya, ya sa kwafin a waya. Memorin PSP ɗin ma yana mutuwa.

Maman_Ilham:
Wannan shawara ce mai kyau. Ni DS Lite, ta Nintendo mai sikirin biyu, na taɓa canza wa kesin, ta 'yata, da gaɓar da take naɗewa ta tsage kamar yadda ta saba yi wa irinsu. Wanda ya ce PSP na da wuya bai gwada wannan ba. Fileks ɗin sikirin ɗin sama sai ka naɗe shi kamar tabarma ka zura ta cikin ɗan ramin gaɓar, tare da wayar makirfo da ta Wi-Fi, duk a rami ɗaya. Na yi kwana biyu a kai. Abin da ya cece ni kwalin ƙwai ne. Kowane mataki notikansa a rami guda, na rubuta lamba a gefe, kuma kafin in cire komai sai na ɗauki hoto da waya. Sadik, in za ka sauke bayan, ka yi haka. Notikan ba tsawonsu ɗaya ba, dogo in ya shiga gurbin gajere zai iya ɓullo wa roba ta ɗaya gefen.

Auwal_Gamer:
Game Boy Advance SP ma haka take, gaɓoɓin nan biyu sai an turo su waje da ƙarfi, kuma in ka mayar da su a juye murfin ba zai riƙa tsayawa a buɗe ba. Wai ni kam, Game Boy ɗina fari da ya koma ruwan ɗorawa, gaskiya ne ana mayar da shi fari?

Injiniya_Bala:
Ana yi. A sauke kesin ɗin tsirara, a jiƙa shi a ruwan haidurojin feroksaid cikin roba mai haske, a ajiye a rana. Amma in ruwan bai rufe shi ko'ina daidai ba sai ya fito dabbare-dabbare, kuma sau da yawa launin na dawowa bayan wani lokaci. Sa safar hannu, ka kiyaye idonka. Wannan na farar roba ce marar fenti, ba ruwan PSP ɗin Sadik da shi.

Tsohon_Soja77:
Ku dawo kan maganar yaron nan. Sadik ɗana, ni ban san kan waɗannan na'urori ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan don in tambaya masa abu. Amma ina da rediyon mahaifina, murfin batirinsa da roba na ɗaure shi, kuma ba zan canza ba. Duk inda hannunsa ya goge fentin, ina ganinsa. In ka sauya gaba da baya da maɓallai, me ya rage wanda yayanka ya taɓa? Ka manne tsagar, ka ba yaron a yadda uban ya bar ta.

MaiGyara_Kaduna:
Baba, maganarka abin dubawa ce, sai dai mannewar ma tana da ƙa'ida. Sadik, kada ka kusanto da sufa gulu. Tururinsa na barin farin hazo a jikin baƙar roba mai sheƙi, in ya kai ga gilashi ko idon da ke karanta faifai ka jawo sabon aiki. Kuma ba ya riƙe wajen da ke motsi. Gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗawa, shi ya fi, a shafa ta ciki a ɗora ɗan yankin roba a kai kamar faci, a bar shi kwana guda. Matsalar ita ce kafin ka kai ga cikin wajen da kyau, ka riga ka sauke rabin na'urar. Sannan gurbin da ya buɗe, yaro ne zai riƙe ta, zai matse ta in wasa ya yi zafi, wata rana za ta faɗi. Ni da tawa ce baya zan canza.

Ummu_Hanan:
To ai ba dole sai ɗaya daga biyun ba. Ƙofar faifan da aka yi rubutun a jikinta daban take, ana cire ta daga kesin ɗin baya. Ya canza bayan da ya tsage, ya mayar da ƙofar yayansa da maɓallan yayansa. Abin da yatsun mutum suka fi taɓawa ai su ne maɓallan X da O da analog, ɗan abin nan da ake juyawa da babban yatsa. Sitikar cikin gidan batir ma, mai lambar na'urar, in ya ɗan hura mata zafi da na'urar busar da gashi za ta ɗago ya manna a sabon.

Hafiz_Zariya:
In zai yi haka to lallai bayan ya zama na asali daga matacciya. Ƙofar asali a kan bayan kasuwa, in aka samu bambancin ko da kaurin takarda ne, ba za ta rufu ba, kuma PSP in ƙofarta ba ta danna ɗan makunnin da ke ciki ba sai ta ɗauka a buɗe take. Malam Sadik kana Kano, ka zaga Farm Centre da Beirut ka tambayi masu gyaran gem, da wuya a rasa mai gawar 3000 a kwali.

Injiniya_Bala:
A sitikar da Hajiya ta ambata akwai wani abu da mutane ba su lura da shi. Za ka ga lamba ɗaya da harafi ɗaya, kamar 8C ko 9B. Lambar shekara ce, harafin kuma zangon wata uku-uku. 8C na nufin zango na uku na 2008. Ka duba taka, za ka san shekarunta.

Sadik_Fagge:
9C aka rubuta. Ashe ta girmi yaron da shekaru.

Ga inda nake. Jiya na samu matacciyar 3000 baƙa wajen wani mai gyara, ruwa ne ya shige ta. Fuskarta ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, bayanta kuma ba tsaga. Da daddare na canza fuskar kawai, na mayar da maɓallan Yaya bayan na wanke su. A ƙarƙashin maɓallin X robar har ta lotsa, saboda shi ya fi dannawa. Na daɗe ina kallonta kafin in mayar.

Amma da na kunna sai ga ƙura uku a cikin gilashin, ɗaya a tsakiya. Na buɗe na goge na rufe, suka zama biyar.

MaiGyara_Kaduna:
Hunturu ne, kowa haka yake fama. Kashe fanka, rufe taga, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin ka jira kamar minti goma ƙurar ta kwanta. Da sassafe ya fi. Kada ka hura da baki, yawu zai bi. Kada ka goge da tishu ko bakin riga, su ke zubar da zaren. Ƙyallen goge tabarau za ka samu, ka share sau ɗaya zuwa gefe guda. Wadda ta rage ka naɗo salatif ɗin takarda a yatsa ka ɗan taɓa ta, za ta biyo shi, amma a hankali, sikirin ɗin 3000 ba ya son dannawa. Ka riƙe fuskar tana kallon ƙasa har lokacin da za ka kifa ta. Kafin ka ɗaura noti ko ɗaya, kunna ta ka duba a farin hoto.

Maman_Ilham:
Ni a banɗaki na rufe tawa, bayan an yi wanka da ruwan zafi tururin ya lafa. Ko ɗigo ban samu ba.

Tsohon_Soja77:
Tsohuwar fuskar fa, kada ka yar. Nannaɗe ta ka ajiye wa yaron.

Sadik_Fagge:
Tana nan Baba, na sa ta a ambulan tare da kwalin faifansa. Dabarar yayyafa ruwa ta yi, saura ƙwaya ɗaya can a kusurwa, na ƙyale ta.

Bayan ne har yanzu ban taɓa ba. Na fara gwada hannuna a kan matacciyar kamar yadda hankali ya ba ni, kuma makullin ƙaramin fileks na hasken sikirin ya ɓalle a hannuna, daidai abin da Oga na Kaduna ya faɗa. Yanzu ina tunanin ko in kai wa mai gyara ya yi ina zaune a gabansa, ko in sa mata rigar roba ta rufe tsagar zuwa hutun ƙarshen zango.

Hafiz_Zariya:
Kai wa mai gyara, amma ka tsaya a kansa, kuma ka ƙirga notikanka kafin da bayan.

Ummu_Hanan:
Ni kuma na ce ka yi da kanka. Ka riga ka san inda makullin ke karyewa, kuma akwai sauran fileks a jikin matacciyar da za ka ƙara gwaji da su. Da tsinken sakace ake ɗaga shi daga tsakiya, ba da hantsaki daga gefe ba. In ka zo mayar da makunnin wuta da na Wi-Fi, ka tabbata ɗan haƙorin ciki ya shiga gurbin abin turawar kafin ka rufe.

Dan_Damagaram:
Malam Sadik, in ka gama da matacciyar, injin faifanta yana da rai? Nawa yana ƙara amma ba ya karantawa. Akwai direban da ke zuwa Kano duk sati, sai in aiko shi.

Sadik_Fagge:
Ruwa ya taɓa ta, ban da tabbas, amma zan jona shi a tawa in gwada ranar da na buɗe bayan. In ya karanta naka ne, ba sai ka biya ba. Oga Bala, saura batir: wanne zan saya wanda ba zai sake kumbura ya fasa mini wannan bayan ba?